Ɗan ƙarfen da ke sa tauraro numfashi

Salamu alaikum jama'a. Wannan maganar tun watan Yuli take cina, ranar da aka ɗauke mana wuta a Nima bayan sallar lisha, fanka ta tsaya sauro ya taso, sai muka ɗauki tabarma muka hau saman bene ni da Kawu, wan mahaifiyata, dattijo ne ya haura 70 amma idonsa tar yake har yanzu. Kun san sararin Akara a wannan lokacin, yawanci gajimare ne ke lulluɓe ko'ina ga kuma hasken fitilu, toh ran nan Allah Ya sa sama ta washe, unguwa ta yi duhu har Mamobi, taurari suka fito kaman an watsa gero a faifai.

Kawu yana cikin 'yan tsirarun da suka rage masu sanin lissafin taurari irin na malaman da, manzilolin wata 28 ɗin nan, a zangon Kumasi ya koya wurin malaminsa tun yana almajiri, kuma ba duba ba ne fa, lissafin lokaci ne, yaushe ruwa zai sauka yaushe sanyi zai shigo. Ya ɗaga sandarsa ya nuna kudu yace "Tica, ga Aƙrabu can, kunama kenan. Ukun nan da suka jeru a goshinta su ne Iklilu, jan nan Ƙalbu, zuciyarta, can ƙasa wurin ƙari kuma Shaula." Tica yake ce min saboda kimiyya nake koyarwa a sakandare.

Nace "Kawu, ka ga wani ɗan fari dab da Ƙalbu ta wajen Iklilu? Wannan numfashi yake yi." Yace ai dukkansu ƙyaftawa suke. Nace a'a Kawu, ƙyaftawa iskar duniyarmu ce ke kaɗa hasken, kaman yadda kwalta ke rawa da tsakar rana, shi kuwa wannan jikinsa ne gaba ɗaya ke kumbura ya motse, ya kumbura ya motse, duk bayan awa 6 ba kaɗan, sunansa a littattafai Sigma Scorpii. Yace me ke sa shi haka? Nace ƙarfe. Ya yi shiru ɗan lokaci sannan yace "To wa ya je can ya ɗebo ya auna?"

Tambayar nan ta ci mana kusan sati guda ana ɗorawa duk bayan lisha, kuma wallahi na ji daɗinta fiye da yawancin tambayoyin da nake samu a aji.

Daga madafi na faro masa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Hajiya tana dafa wake a kan gas ya ga lokacin da ruwan gishiri ya tafaso ya zubo, wutar da take shuɗiya sai ta koma ruwan ɗorawa nan take. Sodiyam ɗin da ke cikin gishiri ne ke ba da wannan launin. Waɗanda suka san Agbogbloshie, bolar tsofaffin kayan lantarki ta Akara, kafin a tashe ta a 2021 kuma sun ga koren harshen wuta lokacin da samarinmu ke ƙona waya don fidda jan ƙarfe, hayaƙin da ya cinye huhun yara da yawa, Allah Ya ba su lafiya. Kowane sinadari in ya ji wuta yana da launin da yake fitarwa, nasa shi kaɗai. In ka bi da hasken ta cikin gilashi mai kusurwa uku ya baje kaman bakan gizo, za ka ga sinadarin ya bar zane-zane a wurare sanannu, ba ya taɓa canza wuri. Kawu da kansa ya ba ni misalin da ya fi nawa, yace ashe tsaga ce, kaman yadda a zango da can dattijo zai dubi fuskar baƙo yace wannan Bagobiri ne wancan Bazabarme ne tun bai buɗe baki ba. Haka ne kuwa. Tauraro yana aiko da haskensa, iskar da ke samansa ta tsotse wasu launuka ta bar baƙaƙen layuka, mu kuma mu karanta tsagar.

A 1814 wani mai aikin gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer, maraya ne da ya tashi a shagon madubi, ya ƙirga irin waɗannan layukan sama da 500 a hasken rana ba tare da ya san ma'anarsu ba. A 1835 wani bafalsafen Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin abin da taurari suka ƙunsa ba, tambayar Kawu ce sak, sai dai shi ya yanke hukunci Kawu kuwa tambaya ya yi. Ba a yi shekara 25 ba, a 1859, Kirchhoff da Bunsen a garin Haidelbag suka gano cewa layukan tsagar sinadarai ce. Har ta kai a 1868 aka ga wani layi a hasken rana da bai yi kama da na kowa ba, aka raɗa wa mai shi suna hiliyam, ba a same shi a doron ƙasa ba sai 1895. Iskar da ake hura wa balan-balan ɗin suna da biki kenan, a rana aka fara ganinta.

Sanin cewa abu yana nan daban, sanin yawansa daban, kuma nan ne aikin ke da wuya. Ƙarfin layi ba yawan sinadari kaɗai ke kawo shi ba, zafin tauraron ma na da hannu sosai. Wani masanin Indiya, Meghnad Saha, ya fitar da lissafin wannan a 1920, sai wata 'yar Ingila mai shekara 25 da ke karatu a Habad ta Amurka, Cecilia Payne, ta ɗauki lissafin ta ɗora kan hotunan hasken taurari a 1925, ta fito da amsar da ba wanda ya zata: taurari kusan duk haidirojin ne da hiliyam, sauran abubuwan da muka sani, dutse, ƙarfe, oksijin, ɗan barbaɗe ne kawai. Babban malamin fannin a lokacin, Henry Norris Russell, ya nuna mata abin ba zai yiwu ba, har ta rubuta a kundinta cewa da wuya sakamakon ya zama gaskiya. A 1929 shi da kansa ya bi ta wata hanya ya iso inda ta iso. Ina gaya wa ɗalibaina mata wannan labarin duk shekara, kuma duk shekara yana min zafi.

Yanzu maganar rayuwar tauraro. Yawancin shekarunsa yana yin su ne a hali guda, a zaune lafiya, can cikin cibiyarsa yana haɗa haidirojin ya zama hiliyam, zafin da ke fitowa yana tura waje nauyinsa yana dannawa ciki, suka yi kunnen doki. In ka jera taurari bisa zafinsu da haskensu, kaman yadda Hertzsprung da Russell suka yi wajen 1911 zuwa 1913, kusan 90 cikin 100 za su faɗa kan layi ɗaya dogo. Ni a aji dogon zango nake ce wa wannan layin, don nan ne matafiyi ke sauke kaya ya daɗe. Ranarmu tana nan, ta yi shekara biliyan 4.6 kuma tana da kusan biliyan 5 a gaba. Amma manya, masu nauyin rana 10 ko 15, farare masu shuɗi-shuɗi da zafin samansu ya haura digiri 20,000 alhali na rana bai kai 6,000 ba, su wutar kara ce, 'yan miliyoyin shekaru ƙalilan sun cinye guzurinsu. Ƙalbu da Kawu ya nuna min ya riga ya tashi daga zangon, shi ya sa ya yi ja ya kumbura, da za a aje shi inda rana take da ya haɗiye duniyarmu har ya wuce Mirriku, wato duniyar Mars.

Toh ga inda abun ya fara daɗi. Ƙalbu, da ukun nan na Iklilu, da ɗan farin mai numfashi, ba haɗuwar kasuwa suka yi ba, 'yan ɗaki ɗaya ne. Gajimaren iska da ƙura guda ne ya haife su wajen shekara miliyan 10 da suka wuce, a nisan da haske ke tafiyar shekara 400 zuwa 600 kafin ya iso mana, kuma har yau tare suke tafiya, fuska ɗaya, gudu kusan ɗaya. Ba su dunƙule kaman Kaza da 'ya'yanta ba, wato Surayya a lissafin su Kawu, waɗanda kowa ya gani ya san tare suke. Waɗannan a warwatse suke, sai ka auna tafiyarsu sannan ka gane. Ayari nake ce musu, irin na kakanninmu fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja, na gaba ya yi nisa da na baya amma madugu ɗaya hanya ɗaya. Wani masanin Armeniya, Viktor Ambartsumian, shi ya fito da wannan fahimtar a 1947, kuma hujjarsa mai sauƙi ce: ayarin bai da isasshen nauyin da zai riƙe kansa, cikin miliyoyin shekaru kaɗan kowa zai kama gabansa, tunda kuwa har yanzu muna ganinsu tare ashe yara ne, ashe haihuwar taurari ba ta tsaya ba. Wannan ayarin na Aƙrabu shi ne mafi kusa da mu cikin masu manyan taurari, ya miƙe tun daga kunamar har can kudu wurin taurarin nan huɗu masu siffar gicciye, kuma mu a Gana muna ganinsa duka, wanda ke Landan ko Mosko ba ya samun haka. Wani ayarin kuma kowa ya san shi ko bai san sunansa ba, shi ne na Oriyon, taurari ukun nan da ke jere reras a tsakiyar sama lokacin hunturu.

Me ya sa masu auna sinadarai ke son ayari? Don tuwon tukunya ɗaya ne. In ka ɗauki tauraro daga gabas wani daga yamma ka ga bambanci, ba ka san ko asali ne ko shekaru ba. Amma 'yan ayari garinsu ɗaya ruwansu ɗaya shekarunsu kusan ɗaya, in ka ga ɗaya ya fita daban to ruwa ba ya tsami banza, wani abu ya faru a cikinsa. Sannan tunda yara ne, abin da ke samansu shi ne abin da ke cikin gajimaren yankinmu a yanzu, ba irin rana ba da ke ɗauke da awon shekara biliyan 4.6 baya.

A 2012 María-Fernanda Nieva da Norbert Przybilla suka fitar da awon irin waɗannan manyan taurarin guda 29 na kewayenmu, wasu 'yan ayari wasu masu zaman kansu, suka samu kusan duk awo ɗaya ne, bambancin bai wuce 10 cikin 100 ba. Ta nauyi, haidirojin kashi 71, hiliyam 27.6, duk sauran 1.4. Na ce wa Kawu ya ɗauka buhun shinkafa ne mai kilo 50. Kilo 35 da rabi haidirojin, kusan kilo 14 hiliyam, sauran duka, oksijin da kabon da niyon da naitirojin da silikon da komai da komai, giram 700, ko rabin olonka, mudunmu na Gana, bai kai ba. Ƙarfe a ciki bai kai giram 70 ba, ba zai cika ƙaramin gwangwanin madara ba. In ƙirga za ka yi, ƙwayar ƙarfe 3 ce cikin ƙwayar haidirojin 100,000. Kawu yace "Kuma wannan ɗan abun kake cewa yana ɗaga tauraro?" Nace shi fa Kawu.

Taurari masu numfashi iri-iri ne. Wanda aka fi sani wani saurayi kurma ɗan Ingila, John Goodricke, ya gano shi a 1784, Delta Cephei, haskensa na ninkawa ya koma cikin kwana 5 da 'yan awanni, da ido ma ana gani, yaron ya rasu yana da shekara 21. Irin waɗannan ne Henrietta Leavitt ta nuna a 1912 cewa mai dogon numfashi shi ne mai yawan haske, suka zama ma'aunin nisa a sararin sama. Su tsofaffi ne, sun bar dogon zango, kuma an gano sirrinsu tun 1953 ta hannun Sergei Zhevakin na Rasha: akwai wani sashe a ƙarƙashin fatarsu inda hiliyam ke aiki kaman murfin tukunya. In tauraron ya motse, sashen sai ya ƙara tare haske, zafi ya taru a ƙasa ya tura shi sama, yana kumbura sai sashen ya washe zafin ya fice, nauyi ya sake danno shi, a koma farko. Murfin tukunyar wake da ke ɗagawa tururi ya fita ya koma ya rufe, shikenan.

Amma namu na kusa da Ƙalbu ba wannan dangin ba ne. Shi yaro ne, bai bar dogon zango ba, numfashinsa na awanni ne kuma canjin haskensa kaɗan ne ido ba zai kama ba. Na farkon irinsu, Beta Cephei, Edwin Frost ne ya lura da shi a 1902, ba ta haske ba, ta layukan tsagar da ya ga suna matsawa gaba su dawo baya duk awa 4 da rabi, alamar saman tauraron yana tahowa yana komawa. Shaula ma irinsu ne, haka Mimosa na cikin gicciyen kudu. Matsalar ita ce murfin hiliyam ba ya aiki a nan, tauraron ya yi zafi da yawa, sashen hiliyam ɗin ya taso dab da fata inda iskar ba ta da kauri, ba shi da ƙarfin ɗaga komai. Masana suka yi ta lissafi, kwamfuta tana cewa bai kamata tauraron nan ya motsa ba, na'urar hangen nesa kuma tana nuna yana motsi kowane dare. An kawo dabaru kala-kala duk suka faɗi. Shekara 90 cur ana wannan.

Abin da ya fi burge ni a duk labarin nan shi ne inda kuskuren ya ɓuya. Duk mai lissafin cikin tauraro yana dogara da wani jadawali da ke faɗin yadda kowane sinadari ke tare haske a kowane zafi, kuma kusan kowa jadawalin ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka yake ɗauka, ba mai tuhumarsa. A 1982 Norman Simon na jami'ar Nebraska ya rubuta 'yar gajeriyar takarda, roƙo ne ma a zahiri, yace jama'a a sake duba jadawalin nan, in manyan sinadarai, wato masu nauyi irin su ƙarfe, na tare haske ninki 2 ko 3 fiye da yadda aka rubuta to matsalar nan da wata ta dangin Delta Cephei duk za su warware lokaci guda. Mutum biyu a ɗakin bincike na Livermore da ke Kalifoniya, Carlos Iglesias da Forrest Rogers, suka ɗauki aikin daga tushe, wata tawaga ƙarƙashin Michael Seaton na Landan ita ma ta yi nata daban. Sai ga shi Simon ya yi gaskiya. A wajen digiri 200,000 ƙarfe da danginsa suna da wani tudu na tare haske da tsohon jadawali bai nuna ba sam.

Dalilin kuwa, haidirojin ɗan lantarki ɗaya gare shi, wato electron da ke zagaye cibiyar ƙwayarsa, a wannan zafin an riga an tuɓe masa shi, ba shi da abin kama haske sosai. Ƙarfe 26 gare shi, zafin ya fizge wasu ya bar masa da yawa, kuma waɗanda suka rage suna da hanyoyin tsalle ba adadi, kowace hanya layi guda ce mai cafke haske, miliyoyin layuka a cushe. Tsohon lissafi manyan layukan ya ƙirga ya bar ƙananan, kaman mutum ya ƙirga motoci a titin kasuwar Nima ran Laraba ya manta da masu kaya a ka da masu baro da masu talla, sannan ya yi mamakin me ya sa hanya ba ta tafiya. A 1992 Paweł Moskalik da Wojciech Dziembowski a Waso ta Polan, da wasu tawagogin a shekarar, suka zuba sabon jadawalin a lissafi, tauraron ya fara numfashi a cikin kwamfuta da kansa. Ɗan hakin da aka raina kenan. Akwai ma shaida daga waje: a Ƙaramin Gajimaren Majelan, wani taron taurari maƙwabcin namu inda manyan sinadarai ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na rana ba, irin waɗannan masu numfashin ba su da yawa. Ƙarfe ya yi kaɗan, murfi ba ya kamawa.

Nan ne Kawu ya karanto ayar Suratul Hadidi mai maganar saukar da ƙarfe. Nace masa tafsiri naku ne malamai Kawu, ni abin da zan iya ƙarawa shi ne duk ƙarfen da ke ƙofar gidanmu da wanda ke jininmu a cikin taurarin da suka mutu aka ƙera shi, kuma masu bincike a Munik sun samu wani nau'in ƙarfe mai lamba 60 a ɓawon ƙasan tekun Pasifik, wanda fashewar tauraro ta watso mana shekara miliyan 2 zuwa 3 da suka wuce, har wasu masana suna nuna wannan ayarin na Aƙrabu a matsayin inda ya fito.

Saura tambayar da ta fi kusa da zuciyata. A ayari ɗaya za ka samu taurari biyu, nauyi kusan ɗaya zafi kusan ɗaya, wannan na numfashi wancan shiru. Shin mai numfashin ya fi ƙarfe ne? Awon da aka yi bai nuna haka ba, ƙarfen samansu da oksijin da silikon duk kaman na 'yan uwansu ne. Abin da ya fi raba su shi ne nauyi da kuma inda kowa ya kai a cikin zangon. Inda aka ga bambanci a wasu shi ne naitirojin. A 2006 Thierry Morel da abokan aikinsa, cikinsu har da Conny Aerts ta jami'ar Luben a Beljiyam, wadda ta samu kyautar Kavli a 2022 kan nazarin girgizar taurari, suka auna guda 9 masu numfashi suka samu 4 da naitirojin ya yi musu yawa, har da shi Beta Cephei ɗin. Manyan taurari suna ƙona haidirojin ne da taimakon kabon da naitirojin da oksijin, kuma a wannan zagayen kabon na raguwa naitirojin na taruwa, amma can cikin cibiya. Ganin shi a sama na nufin wani abu ya tuƙa tukunyar ya kawo na ƙasa sama. An saba cewa saurin juyawa ne muciyar, to waɗannan huɗun a hankali suke juyawa, kuma an samu maganaɗisu a jikin wasunsu. Ana nan ana fafatawa a kai.

Ni kam abin da na koya daga ayarin Oriyon shi ne a riƙa taka-tsantsan da irin wannan awon. A 1992 da 1994 Katia Cunha da David Lambert suka auna taurari 18 a can suka ga kaman ƙananan cikin ayarin sun fi yayyensu oksijin da silikon, aka fassara cewa yayyen ne suka fashe suka barbaɗa wa gajimaren kafin a haifi ƙannen. Labari mai daɗi, kuma yana da ma'ana. A 2010 Sergio Simón-Díaz na tsibirin Tenerife ya sake auna 13 da hotuna masu kyau da lissafin zafi mafi inganci, bambancin ya narke, kusan duk ɗaya suke. Ba wai na farko sun yi sakaci ba ne, in ka kuskure zafin tauraro da ɗan kaɗan oksijin ɗin da za ka lissafa sai ya goce, ga kuma yawancin manyan nan suna juyawa da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, layukan su baje su shafe kaman an goga hannu a kan alli, dole sai an tsinci masu siraran layuka. Kai ko jadawalin ƙarfen ma bai gama zama ba, a 2015 aka gasa ƙarfe a wata na'ura ta ɗakin binciken Sandia a Amurka har wajen digiri miliyan 2, aka samu yana tare haske fiye da yadda sabon lissafin ya faɗa.

Yana min ciwo cewa yaranmu na zango kaɗan ne suka san akwai wannan fagen, alhali an buɗe gidan kallon taurari a Cantonments a 2009, ga faifan rediyo na sauraron sararin sama mai faɗin mita 32 a Kuntunse da aka buɗe a 2017, motar trotro ce kawai tsakaninmu da su, kuma duk wanda ya kai hankali a 29 ga Maris 2006 bai manta safiyar da rana ta yi husufi gaba ɗaya a Akara ba. Na riga na gaya wa 'yan ajina, in Allah Ya kai mu Oktoba za mu fara bin Delta Cephei da ido, yana tasowa ta arewa bayan magariba, kowa da littafinsa, duk daren da sama ta washe a kwatanta shi da maƙwabtansa biyu a rubuta, wata biyu ya isa su fitar da kwana 5 ɗin da hannunsu.

A daren ƙarshe na hirarmu akwai wuta, duk da haka Kawu yace mu hau. Da ƙyar muka samo ɗan farin kusa da Ƙalbu, ya daɗe yana kallonsa yana lissafi da carbi, sai yace "Awa 6 ka ce ko Tica? To daga lisha zuwa asuba numfashi ɗaya da rabi yake yi, sau huɗu kenan a kwana." Nace haka ne Kawu. Yace in rubuta masa sunan da ajami a gefen takardarsa ta manziloli, tsakanin Iklilu da Ƙalbu, na sauka na ɗauko biro.